Kaset ɗin da Kawu Yake Hura wa Iska

Jiya na ga wata mata tana hura ramin cajin wayarta, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Shekarar wasannin Olamfik ina karatu a Guangzhou, kewar gida ta dame ni har na haɗa akwati. Kawu ya zo sarin jakunkuna, na je gaishe shi a masaukinsa. Na tarar ya tsinto tsohuwar kwamfutar wasa a kasuwa, irin wadda ake jonawa da talabijin, kaset ɗinta ruwan ɗorawa da hoton wani jarumin finafinan faɗa.

Ya saka kaset, wasan ya ƙi tashi. Ya ciro shi, ya yi bisimilla, ya hura cikinsa, ya mayar. Sai ga ɗan siririn kiɗan nan.

Na ce, "Kawu, ni gida zan koma."

Ya ce, "'Yata, da ya ƙi tashi, kin ga na jefar da shi?"

Ya karanta addu'a ya tofa mini a ka, numfashinsa yana ƙamshin kanumfari. Na warware akwatina, na ƙarasa karatuna.

Allah ya hura masa sanyin Aljanna a makwancinsa.