Garwashin da Aka Binne a Shu'aiba

Tun ina da cikin 'yata ta fari nake tsoron ruwa. Ko bokiti na gani cike a banɗaki, sai na zubar da ruwan na kife shi kafin hankalina ya kwanta. Shi ya sa ranar da malamarmu ta hadda a unguwar Rusaifa, nan Makka, ta ce matan ajinmu za su je Shu'aiba ranar Asabar su tsince sharar bakin teku saboda Allah, na so in ƙi zuwa. Yarinyar tana shekara uku a lokacin, ba ni da wanda zan bar wa ita, kuma ina kunyar a ce ni kaɗai na noƙe.

Bayan asuba maigidana ya ɗauke mu a mota, ni da ita da maƙwabciyarmu, wata dattijuwa haifaffiyar unguwar Jarwal da duk unguwa ke ce wa Hala. Da muka isa na ga abin da ban zata ba. Mutane sun raba dare suna gashin nama sun watse, sun bar ledojin da suka shimfiɗa suka ci abinci a kai, an dunƙule su da ƙashin kaza da shinkafa a ciki. Ga robobin ruwa, ga kofunan shayi, ga famfas ɗin yara iska tana ja. Aka raba mana safar hannu da baƙaƙen ledoji.

Ni dai idona na kan ruwan.

"'Yar nan, gadin teku kika zo ko shara?" in ji Hala. "Tun ɗazu kofi biyu ne a ledarki."

"Hala, yarinyar nake ji."

"Yarinya na bayanki, ke kina hararar kifi. Yalla, sunkuya!"

Sai na ɗauki 'yata na kai ta can sama, kan busasshen yashi, nesa da inda igiyar ruwa ke kaiwa. Na cire mata takalmi don yashi na shiga yana damunta, na ba ta kofi ta yi wasa. Na sunkuya na fara aiki da gaske.

Ihun da ta yi har yau ban iya kwatanta shi ba. Na juyo na gan ta a tsaye, ƙafarta ta dama ta nutse cikin yashi, ta kasa cirewa don ba ta san mene ne ke cin ta ba. Da na fizge ta sai ga garwashi ja wur a ramin. Wasu ne suka gama gashi suka tura yashi a kai suka tafi. Daga sama ba hayaƙi, ba komai, sai ɗan duhu kaɗan.

Wata ta ce a shafa man goge baki. Malama ta ce a'a, ruwa kawai. Matan suka kawo duk ruwan shan da suka zo da shi, Hala na riƙe da ƙafar ana zubawa, tana ta salati. A hanyar asibiti yarinyar ba ta ƙara ihu ba, sai "Umma, zafi," a hankali, tana maimaitawa. Wannan ya fi ihun ciwo.

Ta warke, alhamdu lillahi. Amma sai da ta koma rarrafe kamar jaririya, kuma duk ranar wankin ciwo ni ke danne ta. Fatar tafin ƙafar ta fito santsi, tana ƙyalli. Har ta shiga makaranta ba ta yarda ta taka ƙasa ba safa, ko a Harami.

Na daɗe ina jin haushin mutanen da ban sani ba. Daga baya na tuna kakata a unguwar Nakkasa, yadda take rufe wutar murhu da toka don ta kwana, da safe ta tona ta hura. Rufewa ba ta kashe wuta. Wanda ya tura yashin nan wataƙila gani yake gyara ya yi, don kada wani ya taka.

Da aka sake shirya tafiya na bar ta wurin babanta na bi su. Ban karɓi leda ba. Na ɗauki doguwar sanda da jarka, na shiga gaba. Duk inda yashi ya yi duhu ko na ji ƙaurin kitse, sai in tona, in ɗebo ruwan teku in kwara. Wani ramin ya mutu tuni. Wani kuwa sai ya yi cuu, tururi ya taso har fuskata.

Ban yi karatu mai nisa ba, roƙo ɗaya gare ni. In kun je bakin teku kun gasa namanku, don Allah kada ku binne garwashin. Ku zuba masa ruwa har ya yi baƙi, ku kai hannu kusa ku ji ya huce, sannan ku tafi.