Geron da na watsa a baranda

Shekarun baya, ina digiri na uku a Kuala Lumpur, na shiga wani yanayi na rashin sukuni. Sufabaizana ya riƙe babi biyu na aikina wata da watanni. Nakan sauko daga jirgin ƙasa na LRT a tashar Wangsa Maju bayan la'asar, in shiga ɗaki in fito, in buɗe firij in rufe, in duba waya sau ashirin. Abokina da muke haya tare har cewa yake, “Malam, ka zauna mana, kana sa ni jiri.”

Cikin watan Maris wata 'yar tsuntsuwa mai rawayan ciki da lanƙwasasshen baki ta rataya sheƙarta a igiyar shanyarmu. Ni da na tashi da danƙo a aljihu, wanda duk tsuntsun da ya gani tambayarsa ta farko ita ce ko ana ci, sai ga ni na dawo daga lab, ɗakin bincikenmu, da sassarfa, na ja kujera ina gadin tsuntsu. Shanya ma muka daina a wajen. Ranar da na hango bakuna biyu suna leƙowa daga sheƙar, sai da na kira mahaifiyata.

Ta ce, “Baƙuwa ta haihu a gidanka, ka ba ta wani abu kuwa?”

Kunya ta kama ni. Akwai geron da ta aiko min na kunu, na ɗebo cikin tafi na watsa a baranda, yadda take yi wa kajinta. Kwana uku ina yi, uwar ko kallon geron ba ta yi. Na ce ƙila kawaici ne, na ƙara yawa.

Rana ta huɗu na tarar da hankaki shida a kan ƙarfen barandar, irin na can, marasa farin ƙirji. Gefen sheƙar a yage, baki ɗaya ne ya rage. Uwar tana ta kewaya tana wani siririn kuka.

Dattijon da ke maƙwabtaka da mu, ɗan ƙasar, ya leƙo ya ga geron. Ya girgiza kai ya ce min da Turanci, a hankali, wannan tsuntsuwar ruwan fure take sha, 'ya'yan kuma ƙwari take kawo musu. “Ba ita ka kira ba,” in ji shi, “su ka kira.”

Na share geron tas, na wanke wajen. Kwana tara ina fitowa daga lab da wuri, in zauna da sandar mofa a cinya ina korar hankaki har magariba. Da safe abokina ke karɓa, yana mita yana cewa, “Gwamnati ta turo mu karatu, mun koma masu gadi.” Saƙon sufabaiza ya zo a cikin kwanakin nan, sai da ya kwana biyu ban buɗe ba. Rana ta goma ɗan ya fito, ya faɗa kan tukunyar furen dattijon, ya huta, ya tashi.

Har yau abin yana min ciwo, domin da zuciya ɗaya na yi. Na ba ta abin da na saba bayarwa, ban tsaya na kalli abin da take ci ba, alhali makonni na yi ina kallonta. Mahaifiyata ta tambaye ni daga baya ko baƙuwar ta ci geron. Na ce mata ɗan ya tashi lafiya. Ban taɓa gaya mata su biyu ne ba.