Na Ce Tamam Alhali Sufanata Tana Cikin Jirgi

A lokacin da abin nan ya faru ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da huɗu, ƙaramin soja a rundunar ruwa, ina aikin kanikancin jirage masu saukar ungulu a wani sansani da ke bakin teku a kudancin Jidda. Idan na shigo unguwarmu ta Nuzla ranar Alhamis da kakina a goge, tsofaffin unguwa sukan nuna ni ga 'ya'yansu, wai ga marayan nan da ya zama mutum. Ni kuwa na san abin da ke cikin kakin. Matsoraci ne a ciki, matsoraci na ƙarshe, kuma tsorona ya kusa kashe mutum huɗu. Edita, ku yi haƙuri da Hausata, a bakin kakata na tsince ta, amma da ita nake son in faɗi wannan magana, domin da Larabci na saba yin ƙarya.

Ina da shekara bakwai mahaifina ya rasu, mahaifiyata ma ba ta daɗe ba ta bi shi. Sai na koma hannun yayan mahaifina, wanda muke kira Ammi. Yana da shagon gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a unguwar Hindawiyya, kuma daga makaranta can nake wucewa. Ammi bai taɓa hana ni abinci ba, wannan zan faɗa ko a gaban Allah. Amma mutum ne da ba ya tambayar yadda aka yi, sai dai wa ya yi. Da zarar ƙusa ɗaya ta ɓata a shago, zai ɗaga hannunsa a hankali zuwa kansa, ya zare igal, baƙar igiyar nan da ake ɗaure mayafin kai da ita, ya ninka ta biyu. Wanda bai sha igal ba zai ɗauka ado ce. Kakata takan tare ƙofa tana cewa ya ji tsoron Allah ya ƙyale maraya, shi kuma ya amsa mata da cewa namiji yake ginawa, halas, magana ta ƙare, ta bar shi da aikinsa. Sau ɗaya na gwada faɗin gaskiya, na ce ni na yar da sukundireba a gidan wani, kuma ranar na fi shan duka. Daga nan na koyi sana'ata ta gaske. Idan ƙarfe ya ɓata, sai in zagaya shagon maƙwabcinmu in aro irinsa in ajiye a gurbin. Idan Ammi ya tambaya ko komai tamam, in ce tamam, idona a ƙasa.

Da na gama sakandare na shiga soja ne don in bar gidan, ba don wata jarumta ba. Kakanmu ya samu takardar zama ɗan ƙasa tun da daɗewa, saboda haka ƙofar da ta rufe wa abokaina masu iƙama, wato takardar zaman baƙi, ni a buɗe take gare ni. Horon da ya sa wasu kuka ni ƙiba na yi a cikinsa, domin tsawa kawai ake yi, ba a taɓa jiki. Abu ɗaya ne ya tona min asiri. Duk lokacin da wani ya ɗaga hannu zai sara, sai in kauce da kaina, in runtse ido. Abokai suka yi ta tsokanata, wai ni kaɗai ne sojan da gaisuwa ke firgitawa. Nakan yi dariya tare da su, ban taɓa gaya wa kowa dalili ba. A hankali na ƙware a aikin, har akan ɗauke ni a jirgi wani lokacin, in leƙa ƙasa in ga Jidda ta zama 'yar mitsitsiya, in ce a raina ai na tsira.

A rumfar gyaran jirage akwai doka guda da ake karanta mana kamar Fatiha. Kowane ƙarfe yana da gurbinsa a akwati, an yanka soso daidai surarsa. Kafin a taɓa jirgi a duba akwatin, bayan an gama a sake dubawa. Idan gurbi ɗaya ya zama fanko, ba jirgin da zai tashi sai an gano ƙarfen, ko da za a kwance jirgin gaba ɗaya. Dalili kuwa shi ne 'yar sufana da ba ta kai tsawon yatsa biyu ba, idan ta maƙale a inda ƙarafa ke juyawa, tana iya jefa jirgi cikin teku.

Wata safiya ta bazara, irin wadda gumi ke shiga ido, na yi aiki a wutsiyar wani jirgi, na rufe murfin, na ɗaure. Da na zo mayar da kaya sai na ga gurbin ƙaramar sufana yana kallona. Na laluba aljihu, na duba ƙasa, babu. Wallahi ban zauna na yanke shawarar yin ha'inci ba. Ƙafafuna ne suka kai ni wurin ajiye motoci, na buɗe bayan motata, na ɗauko sufana irinta, na dawo na danna ta a cikin soson. Da sajenmu ya zo dubawa, ya bi akwatin da ido, ya ga ko'ina a cike, ya tambaye ni ko tamam. Na ce tamam, idona a ƙasa. Na sa hannu a takarda, shi ma ya sa. Jirgin zai tashi bayan azahar da mutum huɗu, atisaye a tsakiyar teku.

Na yi ta lallashin kaina, ina cewa wataƙila ta faɗa magudanar ruwa, wataƙila wani ya ɗauka bai faɗa ba. Amma hannuna yana tuna inda ya ajiye ta. Ana cikin haka sai ga matuƙin jirgin ya shigo rumfa da tiren dabino da alewa, bakinsa har kunne, an yi masa haihuwar fari, 'ya mace. Mutum ne mai sauƙin kai, ba ya wuce makanike bai gaisa ba. Ya dafa kafaɗata, ya kira ni ya baɗal, wato gwarzo, kamar yadda ya saba, ya ce ranar suna ba ya son jin uzuri, kuma in zo da yunwata. Na karɓi dabinon na riƙe har ya narke a tafina. A sallar azahar Allah Ya haɗa mu sahu ɗaya, kafaɗarsa a jikin tawa. Ban san me liman ya yi ba, ban san raka'a nawa na yi ba. Abin da nake gani kawai shi ne jaririyar da ban taɓa gani ba, tana tasowa a gidan wani yayan uba. Duk da haka na yi sallama na fita ban ce uffan ba. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni kunya a cikin labarin nan.

Ni ne mai sallamar jirgin a fili. Na tsaya a gabansa, suka shiga su huɗu, injin ya tashi, farfela ta fara juyawa har iskarta na neman ture ni. A al'adar aikinmu, kafin jirgi ya ɗaga, matuƙi yakan sara wa makaniken da ke ƙasa, ma'ana ya karɓi jirgin a hannunka, ya yarda da kai. Ta cikin gilashi na ga ya ɗaga hannu zuwa kansa. Na kauce, na runtse ido kamar kullum. Da na buɗe sai na ga hannun yana nan a goshinsa, yana murmushi, yana jiran in mayar masa. Ba abin da zai zaro. Ransa ne yake miƙo min. Maimakon in sara, sai na gitta hannu a maƙogwarona, alamar a kashe inji, na yi ta maimaitawa ina ihu ba mai jin muryata.

Da farfela ta tsaya, na faɗa wa saje komai a tsaye a cikin rana, har da batun motata. Nan take ya ce yalla, maza a buɗe wutsiya. Ba a fi minti goma ba aka zaro sufanar, tana kwance kusa da sandar da ke juya farfelar baya, girgizar injin ma ta riga ta matsar da ita daga inda na bar ta. Saje ya ɗaga ta sama kowa ya gani. Ɗaya daga cikin mutanen jirgin ya zauna a ƙasa yana salati. Ni kuwa ina tsaye ina jiran duka, domin jikina bai san wani abu da ke biyo bayan laifi ba sai shi.

Ba wanda ya taɓa ni. An yi bincike, an rage min igiya, an cire ni daga kan jirage na watanni ina sharar rumfa, kuma na cancanci fiye da haka. Kwamandanmu ya ce mantuwar sufana ba ita ce laifina ba, kowane makanike yana mantuwa, don haka aka yi dokar. Laifina shi ne sufana ta biyu. Matuƙin kuwa ya same ni washegari, ba murmushi a fuskarsa. Ya ce ya gode da na tsayar da shi, amma yana so ya san abu ɗaya, ko na riga na sani lokacin da na karɓi dabinonsa. Na ce na sani. Ya gyaɗa kai ya tafi. Bai janye gayyatarsa ba, ni ne na kasa zuwa sunan, kuma har aka yi masa canjin wurin aiki bai sake kirana ya baɗal ba.

Yau na haura shekara goma a bayan wannan rana. Na dawo kan jirage, har ni ke duba akwatunan wasu. Duk sabon makanike nakan gaya masa labarin nan da bakina, in ce masa gurbin fanko ba abin kunya ba ne, ya zo min da shi. Ammi ya tsufa, hannunsa yana rawa, nakan kai shi asibiti, kuma har gobe yana alfahari wai shi ya gina ni. Ban taɓa musa masa ba, amma na san abin da ya gina.

Iyaye da masu riƙon marayu, don Allah ku ji ni. Yaron da kuka daka ranar da ya faɗi gaskiya bai daina kuskure ba, ɓoyewa ya koya, kuma wata rana ran wani zai kasance a cikin abin da ya ɓoye. Ku kuma da kuka taso irin tasowata, kada ku ɗauka kaki ko albashi sun wanke ku, ku nemi tsoron nan a jikinku kafin ya yi muku aiki. Ina da 'ya'ya uku yanzu. Duk ranar da na sa farar riga da mayafi na fita, idan na dawo, a mota nake barin igal ɗina kafin in shiga gida.