Kujerar Gindin Bedi

In na tuna shekarar nan, abin da ke fara zo mini shi ne farin madara da sanyin safiya, lokacin da masu kawo ta daga wajajen Affala ke sauke jarkoki daga bayan babur, raɓa ba ta gama bushewa a ƙafar wandunansu ba. Ƙarshen damina ne. Duwatsun Adar da muka saba gani jajaye sun yi kore shar, gajimare na wucewa a hankali ba mai korarsu. Ni da mata huɗu muna yin cuku a wani fili bayan gidana a Tawa, sana'ar da na gada wurin mahaifiyata. Mu sa wa madara ruwan tumbin ɗan akuya ta daskare, mu shimfiɗa ta a kan 'yan asabarai, mu jera a rana, sawun karan ya fito a jikin kowane ɗaya layi-layi.

Wata hantsi sai ga wata mata a kan babur, da jaka cike da takardu. Daga jami'a take. Ashe a can akwai ofishin da ba shi da aiki sai nemar wa ɗalibai wuraren da za su koyi sana'a da hannunsu kafin su gama, kuma ita ke riƙe da shi. Ta bi bankuna, ta bi gareji, ta bi gidajen magani, yau ga ta a ƙofata. Kowa Madam yake ce mata. Ta ce tana da ɗaliba mai karatun sarrafa abinci, tana son ta yi wata biyu a wurina. Bayan nan yarinyar za ta rubuta abin da ta yi, ta tsaya gaban malamai su yi mata tambayoyi. In ta kasa, sai ta maimaita shekara.

Ta karanta mini takardar yarjejeniya da Faransanci, ta sake da Hausa. Gaskiyar magana ban saurara ba. Idona na kan hatimin jami'a. Ni a aji biyu na kwalej karatuna ya tsaya, shekarar da bayan mahaifiyata ya ƙi miƙewa. Tun daga nan duk sa'ad da kabu-kabu ya bi da ni ta ƙofar jami'a nakan ce ya rage gudu, wai ramuka nake tsoro. Ƙarya nake. Leƙe nake yi. A raina can ciki akwai ɗakuna masu sanyi da dogayen tagogi, mutane na magana ƙasa-ƙasa, babu mai ƙarnin madara a zane. To yau ga wurin nan ya aiko da kansa yana neman abu a hannuna. Na sa hannu.

Ranar Litinin yarinyar ta zo da farar riga irin ta likitoci da sabon kaye, wato littafin rubutu. Siririya ce mai sanyin murya. Iyayenta Kiristoci ne daga kudu, koyarwa ta kawo mahaifinta Tawa, kuma a ƙarshen shekarar zai ajiye aiki su koma gida. Ta faɗa mini wannan tun ranar farko, ta ce in ba ta gama bana ba, ba wurin wanda za ta zauna. Na ji, na tausaya, amma ban haɗa maganar da kaina ba.

Abin da na yi shi ne na aika aka sayo kujerar roba shuɗiya, na ajiye ta a gindin bedi inda inuwa ta fi kauri. Na dama fura da kindirmo. Na ce wa matan nan duk wadda ta bari Malama ta taɓa ƙwarya, da ni za ta yi. A gidanmu ba a sa baƙo aiki, balle baƙon da ya yi karatu.

Washegari ta miƙa hannu za ta ɗauki mataci.

"Tanti, bari in kama miki."

"A'a Malama, zamna abinki. Wanga aiki ba naki na ba, rigakki za ta ɓaci."

Ta zauna. Haka kwanaki suka yi ta tafiya, kuma ni dai a wurina kwanaki ne masu daɗi. Ina aiki ina satar kallonta, hasken da ke ratsowa ta ganyen bedi na yawo a kan farar rigar. Wani lokaci sai in ga kamar ni ce zaune a wurin, ni da na ƙarasa karatu, wata kuma can ke durƙushe gaban ƙwarya. In maƙwabta sun shigo nakan ce, "Ku gaisa da ɗalibammu ta jami'a." Ita kuwa ta rubuta layi biyu, ta ɗaga kai ta bi gajimare da ido. Na ɗauka tunani mai zurfi take yi irin na masu ilimi. Sau uku ta sake roƙona in bar ta ta kama aiki, sau uku na ƙara mata fura.

Sati shida cif muka yi haka, sannan Madam ta dawo duba ta, kamar yadda takardar ta ce za ta yi. Na yi murna. Na nuna mata kujera, na nuna inuwa, na ce ko ƙuda ban bari ya dame ta ba. Madam ta kama hannun yarinyar ta juya shi, ta dubi faratanta. Sannan ta ja ta gaban wata ƙwarya da muka haɗa da safe.

"Wagga ta kai a kwashe ko da saura?"

Yarinyar ta dubi madarar, ta dube ni. Ta fara bayani da Faransanci a kan zafi da tsami, muryar ta yi ƙasa, ta ɓace. Hawaye suka biyo.

Madam ta juyo wurina, ba da faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi.

"Hajiya, littattafai muna da su can. Abin da ba mu da shi, shi munka aiko ta ta ɗauka wurinki. Sati biyu ya rage. In ta tsaya gaban malamai haka, ta faɗi."

Kunya ta rufe ni har na rasa inda zan sa idona. Na yi zaton girmama ta nake, ashe na hana ta abu ɗaya tak da ta zo nema, kuma shekararta nake ci ina murmushi. Haushin kaina ya kama ni, ni kuwa in haushi ya kama ni ba na iya tsayawa wuri ɗaya. Na je na ɗauki kujerar na wurga ta kan rufin ɗaki.

"Ke, tuɓe rigag ga. Amshi zane."

Daga ranar ban ƙara ce mata Malama ba. Da asuba take zuwa ta tari masu babur, ta sunsuna kowace jarka ta faɗa mini wadda aka kwana da ita. Ta ɓata ƙwarya uku a kwana biyu, na yi mata faɗan da mahaifiyata ta yi mini, kalma da kalma, har na ji muryar tsohuwar na fita daga bakina. Na kama ɗan ƙaramin yatsan yarinyar na danna shi a gefen ƙwarya. In daskararriyar madarar ta rabu da jikin ƙwaryar sumul, ruwan da ya taso ya yi garai-garai, ta kai. In ta manne wa yatsa, a ba ta lokaci. Ta yi, ta sake, ta sake. Rana ta gasa ta wurin juya asabarai, bayanta ya yi ciwo, kuma a sati biyun nan ta yi dariyar da ba ta yi ba a sati shida. Ita ma ta kawo nata. Ta sa muka ɗinka gidan sauro muka rufe shanya, ta sa muna tafasa ƙyallen tata kullum. Wata safiya na ji ta ce, "Inna, miƙo min ludayi." Ban nuna na ji bambanci ba, na miƙa mata.

Ranar tsayawarta gaban malamai Madam ta aiko a zo da ni, ta ce mai wurin aiki ma yana da kujera a zauren. Na shiga ƙofar nan da na shekara ashirin ina leƙe. Ɗakin ba shi da sanyin da na yi zato, fanka ɗaya ce ke juyawa da ƙyar, amma tagogin dogaye ne kamar yadda na gani a raina. Aka zaunar da ni a gaba, aka ajiye mini ruwan gora. Hannuwana suka rasa abin yi a kan cinyata. Awa ɗaya kawai na yi haka na ƙosa, na tuna ita sati shida ta yi.

Faransancina ya tsufa, rabin maganar ta wuce ni. Amma na gane lokacin da wani malami mai furfura ya cire tabarau ya tambaye ta yadda ake sanin madara ta kai in babu na'ura. Sai ta ɗaga hannu, ta miƙe ɗan ƙaramin yatsa, ta karkata shi ta danna iska a hankali, daidai yadda mahaifiyata ke yi, har da ɗan lanƙwasa wuyan hannu. Tsohuwar ba ta taɓa shiga aji ba, ta rasu ba ta san inda jami'a take ba, ga hannunta a gaban malamai suna rubutawa. Na ja mayafi na rufe fuska.

Ta ci jarrabawar. Suka koma kudu da iyayenta, can ta sami aiki a wani wurin sarrafa madara.

Da damina ta zagayo Madam ta dawo da sabuwar takarda. Wannan karon na sa ta karanta sau biyu, na yi tambayoyi har ta gaji. Ɗaliba biyu ta kawo. Ɗayarsu ta ɗaga kai ta ga kujera a kan rufi, rana ta cinye shuɗin, ta tambaya ko a sauko da ita. Na ce ta bar ta nan, ta je ta wanke hannu.