Haƙorin Ƙarshe

'Yata tana da shekara goma ba ta taɓa ce mini Mama ba. Likitoci sun ce larurar galahanga ce. Maƙwabta a Gyaɗi-Gyaɗi kuwa kowa da nasa fassarar, har da masu cewa iska ce, alhali ko ciwon kansu ba sa iya warkarwa.

Wata nas 'yar Filato da muke haya gida ɗaya ce ta kai ni wurin wani likita mai bincike. Ya ce a cikin haƙorin da yaro ya famfare akwai ƙwayoyin halitta masu rai, ana renonsu a mayar da su irin na ƙwaƙwalwa, a duba inda suka bambanta da na sauran yara. Ya nanata mini cewa ba magani ba ne. Na ce to, amma zuciyata magani ta ji. Ya ba ni kwalba mai ruwa a ciki, ya ce in saka haƙorin da zarar ya fita. Haƙorin famfara guda ɗaya ya rage wa 'yata, sauran duk ta haɗiye ko sun ɓace.

Na zama mai gadin baki. Ina ɗinki ina leƙenta, kwalbar tana cikin firjin nas.

Ranar wata Asabar da hantsi na ga jini a leɓenta, hannunta a dunƙule. Na ruga na ɗauko kwalbar. Kafin in dawo ta fita tsakar gida, inda ta sha zama tana kallon bango yayin da yaran gidan ke jefa haƙoransu a rufi don kada ƙadangare ya gani. Ban taɓa zaton tana lura da su ba. Ta juya baya yadda suke yi, ta ɗaga hannu.

Da na yi taku biyu da na riƙe ta. Ban yi ba. Muka ji ƙarar ɗan abin a kan kwano.

Nas ta ce a nemo tsani. Na ce, “Bar shi, Anti. Yau ne kaɗai ta yi abin da yara ke yi.”

Na zauna a bakin rariya na yi kukan da ban san na murna ne ko na asara ba. Ita kuwa ta koma kallon bangonta, har yau ba ta sake kwaikwayon kowa ba.