Neman Harsashin Bindigar da Na Zaɓa

Litinin: Kano zuwa Zariya

Ƙarfe biyar da kwata, bayan sallar asuba, na fito daga gidan da nake aikin tuƙi a Nassarawa. Lokacin ba a cika shekara da samun mulkin kai ba. Baba Dauda mai gadi, tsohon soja, ya buɗe mini ƙofa, ya yi mini fatan alheri.

Ga abin da ya tayar da ni. Da Baturen da muke wa aiki zai koma ƙasarsu, ya ajiye mana bindigogin farauta biyu, ni da Baba Dauda, ya ce mu zaɓa. Na yi wuf na ɗauki mai sheƙi, mai lamba .318. Bature ya ce harsashinta na wuya, ita kuwa ɗayar, .30-06, ko'ina akwai nata. Ina! Idona ya rufe. Baba Dauda ya ɗauki ƙoƙaƙƙiyar, ni kuwa na sa mata suna Taɓarya, kullum ina tsokanarsa.

Sai ga saƙo daga yayana Habu a ƙauye: gadu, wato aladun daji, sun addabi gonar rogonsa, abin da iyalinsa za su ci ke nan kafin kaka. Harsashi biyu suka rage mini, kantunan Kano kuma na zagaye su kaf, babu. Girman kai ya hana ni roƙon Taɓarya. Na zuba kwanson harsashi ɗaya da takardar izini a aljihu, na hau gingimari, sule bakwai.

A Kwanar Ɗangora 'yan doka suka tsayar da mu. Ɗayansu ya juya kwanson a hannu, ya ce shekararsa goma sha biyu da kaki bai taɓa ganin irinsa ba. Wallahi har daɗi na ji, don wauta. Ƙarfe ɗaya muka shiga Zariya, mil ɗari da 'yan kai. Kanti biyu na shiga a Sabon Gari, duka suka girgiza kai. Na kwana Tudun Wada wurin wani abokina direba, matarsa ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka mai man shanu. Har yau ban sake cin irinsa ba.

Talata: Kaduna

Ƙarfe bakwai na hau jirgin ƙasa, kafin sha ɗaya ina Kaduna. A babban kantin kayan farauta na sami akawu, Malam Bitrus, mutumin kudancin Zariya. Ya ce tawa bindiga ce ta kirki, harsashinta ya fi nauyi, ya fi ratsa babbar dabba. Amma Turawa masu irinta duk sun hau jirgi sun koma ƙasarsu, babu mai odar harsashinta yanzu. In na matsa, wata shida, shi ma in an dace. A bayansa kuwa ga akwatunan harsashin Taɓarya jibge har rufi.

Na hango wani da ya yi kama da nawa, na ce ya ba ni shi kawai. Ya jera su biyu a kan kanta, ya nuna mini bambancin kauri, bai kai na farce ba. Ya duba sunana a takardar izini, ya ce:

"Malam Sale, wannan ɗan bambancin shi zai fasa bindigar ya tashi da fuskarka. Ko fam goma ka ajiye ba zan sayar maka ba."

Na fita ina huci. Na zauna a tasha da ƙosan taro, wato na kwabo uku, na kasa ci. Kwana biyu na ɓatar, gadu suna can suna tonon rogon Yaya. Kunya ta kama ni ƙwarai.

Laraba: Gida

Jirgin safe ya sauke ni Kano ƙarfe huɗu da rabi. Daga tasha har Nassarawa da ƙafa na tako, ina ta shirya yadda zan buɗe baki in roƙi tsohon nan.

Na same shi ƙarƙashin mangwaron bakin ƙofa, Taɓarya bisa cinyarsa ta sha mai, ga akwati biyu na harsashi a gefe. A nan Kano ya sayo su, tafiyar minti goma a keke. Bai tambaye ni abin da na samo ba.

"Sannu da hanya. Na nemi mana hutu wurin sabon maigida tun ranar da ka tafi. Motar garinku ƙarfe shida take tashi."

Muka tafi tare, da Taɓarya muka ceto rabin gonar Yaya. Baba Dauda bai taɓa goranta mini ba har ya bar duniya, ni ma ban sake cewa Taɓarya ba. Tawa na nan rataye a ɗaki, da harsashinta biyu. Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Bitrus da ya bar mini fuskata. Allah ya jiƙan Baba Dauda.