Gasar da Munka Hana Ta Ƙarewa

Ni ne mai tsaron raga mafi shahara da ƙasar Gobir ta taɓa haifa, in dai shahara ita ce kowa ya san ka. Daga Isa har Sabon Birni babu mai ƙafa biyu da bai zura mini ƙwallo ba. Akwai wani tsoho da ya zo wucewa bisa jakinsa, shi ma ya ci ni ɗaya, bai ko sauka ba.

Shekarar fari ta biyu ce. Sau uku muna shuka, sau uku gero na fitowa tsawon yatsa, ya dubi sama, ya ga ba alamar mutunci, ya koma. Gulbi ya ƙafe ƙaf, har kwaɗi sunka yi ƙaura ba sallama. Samari ba noma, ba su, sai hamma. Da zaman ya ishe mu munka kafa sanduna cikin rairayin gulbin, munka ƙulla gasa ta ƙungiya shida: mu 'yan unguwarmu ta Isa, da 'yan kasuwa, da Tozai, da Fulanin Turba, sai 'yan Sabon Birni da na Alkalawa masu zuwa bisa motar kasuwa. Rukuni biyu, uku-uku. Biyun farko su wuce, na uku ya kama gabansa.

Babana tsohon ɗan kokowa ne, wuyansa kamar turmi. Wata safiya ya kira ni bakin rumbu.

"Kai, tsaranka duk sun gangara kurmi ci-rani. Mi kake jira?"

Na ce, "Baba, in na tafi wa za ya tsare muna raga?"

"Wace raga? Wadda kowa ka shiga ba sallama?"

Na dai yi ta magiya har ya gaji. Ya ce, "To ji nan. Ranar da anka fidda ku gasar nan, motar da ta biyo baya da kai za ta."

Baba kuwa in ya yi magana, ko shi kansa bai isa ya tashe ta ba. Ni kuma tsoron kurmi nake kamar mutuwata. Ban taɓa kwana wajen garinmu ba, ga shi an ce mini can sauro ɗaga gidan sauro yake da hannu ya shigo.

Wasa biyu munka yi a rukuni, duka biyun anka lallasa mu. Na farko huɗu, na biyu na bar ƙirga don kada in yi wa kaina ƙarya. Munka zo na uku cikin uku.

Da azahar ɗin ranar na lallaɓa rumfar telan unguwarmu. Shi ne shugaban gasar, don shi kaɗai ke da rediyo, kuma shi ke ɗinke ƙwallon in ta yage. Batiran rediyon nan sun mutu tun bara, amma kullum yana shanya su a rana bisa rufin kwano su farfaɗo na rabin sa'a. Na iske rumfar cike, ana ta musu kamar za a daku. Wai rediyo ta ce a babbar gasar duniya mai zuwa an canza tsari: wanda ya zo na uku ma, in ya fi sauran na ukun dama-dama, zai wuce.

Wani mahauci na cewa, "Wanga lalaci ne! To mi anka yi ke nan? Gobe sai su ce wanda bai zo filin ba shi ma ya wuce!"

Tela ya ce, "Kai dai nama ka sani. Adalci ne. Mutum na iya faɗawa rukunin zakoki, wani ya faɗa na tumaki."

Ban san sa'ad da na haye bisa benci ba. Ni da ko jiya ban san ana wata gasa a duniya ba, na zama lauyan na uku. Na ce, "Jama'a, duniya ta ci gaba! Manyan ƙasashe masu jirgin sama sun ce na uku mutum ne, sai mu da ke cin anza za mu ce ba mutum ba ne?" Anza kuwa 'ya'yan wani icce ne masu ɗacin tsiya, sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu, ita ce tuwonmu a shekarar. Anka fashe da dariya, anka ce na yi gaskiya.

Sai gardama ta koma kan wane na ukun ya fi. Ɗaya na ukun Tozai ce, su ma an ci su duka biyu. Kyaftin ɗinsu ya ja ni gefe ya raɗa mini cewa su mutum huɗu iyayensu sunka yi wa irin alkawarin da Baba ya yi mini. Ashe ciwon na gari ne. Tela ya ɗan taka kekensa yana tunani, sannan ya ce ƙungiya biyar ba ta rabuwa biyu, don haka a ɗauki na ukun duka. Cikin ƙungiya shida, shida sunka wuce. Mako biyu muna cin rairayi, ba a fidda ko kaza ba.

Na koma gida ina tafe ina rangaji. "Baba, mun wuce!"

"Ba ku anka kayar sau biyu ba?"

"Mu ne. Sabuwar doka ce, daga ƙasar waje."

Ya dube ni tun daga ƙafa har kai. "Mu a kokowa, in bayanka ya taɓa ƙasa, makaɗi ma juya maka baya yake. Amma tunda ba a fidda ku ba, ba a fidda ku ba."

Da munka ga ƙofar ta buɗu, sai munka cire ƙyauren gaba ɗaya. Tela ya tuna cewa a gasar duniya da ta gabata, bayan rukunin farko wani rukunin anka sake yi. Munka ce ai mu ba mu wulakanta doka, tsohuwa da sabuwa duk namu ne. Munka sake rukuni, anka sake cin mu, na uku ya sake wucewa. Mahaucin nan ya rantse ba ya ƙara zuwa kallo, kuma kullum shi ke fara isa filin don ya samu wurin zagi mai kyau. Har mata masu tonon ruwa a gefen gulbi sun san dokar. In guga ta fito ba komai sai su ce, "Bar ta, ita ma ta wuce."

Fulanin Turba ne sunka kawo ƙarshen shagalin. Kyaftin ɗinsu, wani dogo siriri mai gudu kamar barewa, ya zo rumfar tela da sandarsa.

"Kai kaɗo, wasan ga naku ba ya da wutsiya ne?"

Na ce, "Haba Ardo, gaggawar mi kake? Fura ce ke jiran ka?"

"Shanu ka jira na. 'Yan da sunka rage muna, in ba mu gusa da su kudu ba cikin makon ga, fatunsu za mu kora. A yi na kifa-ɗaya-kwala a gama."

Kowa ya yarda. Anka jefa ƙuri'a, sai ga mu da su.

Ranar wasan, ikon Allah, rairayi ya tsaya mini. Sun buga ta fi sau talatin, ƙwallo na zuwa bakin raga ta nutse ta zauna, ni kuwa in faɗa kanta in yi ta birgima kamar na kamo kura. Anka tashi ba ci. Nan take tela ya ce a duniya yanzu bugun fenariti ake yi, biyar-biyar. Ni da na yi wata guda ina wa'azin zamani, sai ga ni na zama dattijo.

"Wace irin bidi'a ce wannan? Iyayenmu da kakanninmu sake wasa sunka sani! A sake ranar kasuwa ta sama!"

Mahauci ya yi kururuwa daga gefe, "Yau kuma kakanni? Ina masu jirgin saman?"

Dogon Bafillacen ya ce, "Bagobiri, shiga ragarka. Shanuna ba su san sake wasa ba."

Na shiga. Ina waigawa sai ga Baba tsaye bayan sanduna, hannu a baya, karo na farko da ya taɓa zuwa filin.  Sun buga biyar, na yi tsalle biyar masu kyawun gaske, waɗanda har yau ake labarinsu, sai dai ko sau ɗaya ni da ƙwallon ba mu nufi gefe guda ba. Namu sunka ci uku. Anka fidda mu, fiddawa ta gaskiya, gaban shaidu.

Washegari da hantsi tela ya aiko a kira ni, na iske shi yana dariya har da riƙe ciki. Fulani sun kaɗa shanunsu tun asuba, sun bar gasar. "Kuma doka ta ce," in ji shi, yana kashe mini ido, "in wanda ya ci ya janye, wanda ya kayar shi ka maye gurbinsa." Ban tambaye shi ko rediyo ce ta faɗa ko kekensa ba. Na zuba a guje sai gida.

Na iske Baba bakin rumbu. Innata ce a ciki, ta shige gaba ɗaya, ba a ganin ko kanta, sai ƙarar tsintsiya a kan daɓe. Ta miƙo ƙwarya ta bakin rumbun, ya karɓa. Abin da ke ciki bai kai cin tantabara uku ba, rabi ma ƙasa ce.

Na ce, "Baba, wai Fulani sun janye. Wai doka ta ce mu koma."

Ko ɗagowa bai yi ba. "To, doka doka ce. Ba a fidda ku ba ke nan."

Da sauri ya faɗe ta, kamar wanda ya kwana da ita a baki. Mutumin da ya yi shekara ashirin bai yarda wanda ya faɗi ya tashi ba. Na tsaya ina kallon ƙwaryar, shi kuma yana hure ƙasar a hankali don kada ƙwaya ɗaya ta bi iska.

Na ce, "A'a Baba, ƙaryar tela ce. An fidda mu. Za ni bi motar jibi."

 Ya ajiye ƙwaryar, ya share hannu a riga.

"Mai bugu na huɗun nan," ya ce, "tun daga Turba ana ganin hagu za ya buga. Kai kuma ka kwashi jiki ka faɗi dama kamar buhun gawayi."

"Rana ce ta shige mini ido, Baba."

"Rana na bayanka, ɗan nema. Je ka ce wa innarka ta fito ta wanke maka riga."